Ɗan farina yana ɗaure raunuka a bakin daga

A Jekadafari aka haife ni, aure ya kawo ni Bolari, duk a cikin garin Gombe. Ba zan faɗi sunan ɗana a nan ba. Ko da babu maganar tsaro, bakina bai saba ba, domin ɗan fari ne. Yau ya haura shekara talatin ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba. Da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, ni kuwa idan ya faɗi a tsakar gida sai in kau da kai har wata ta ɗaga shi. Haka muka taras, haka aka yi mana tarbiyya, kuma a lokacin ban ga aibun abin ba. Sai daga baya na gane cewa wannan kunyar ce ta kusa kai ni kabari.

Tun yana ƙarami shi ne mai ɗaure wa kaza ƙafa idan ta karye. Da ya gama sakandare ya tafi makarantar koyon aikin lafiya ta Kaltungo, muka yi murna, muna ganin zai samu wani ƙaramin asibitin ƙauye ya zauna, ya yi aure, mu riƙa ganinsa duk Juma'a.

A watan Yulin 2015, ana jajibirin ƙaramar sallah, bam ya tashi a babbar kasuwar Gombe, mutane suna tsaka da sayayya. Ya fita da gudu bai ko sa takalmin kirki ba. Bai dawo ba sai tsakar dare. Ina daga ɗaki na hango shi a bakin rijiya yana wanke rigarsa, ruwan yana gangarawa ja. Washegari kowa ya tafi idi, shi ya zauna a zaure. Na ji yana gaya wa mahaifinsa cewa akwai waɗanda suka cika a hanyar asibiti ba don raunin ya yi muni ba, jini ne kawai ya ƙare musu, kuma da an samu mai ɗaure musu cinya da ƙyalle da ɗan itace da wataƙila sun kai. Wannan maganar ce ta shiga ransa ta ƙi fita. Shekara ba ta zagayo ba ya cike takardar shiga soja.

Mahaifinsa ya kira shi ya ce, “Ka yi shawara da mahaifiyarka?” Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofata, ya ce, “Inna, ina neman ki sa mini albarka.” Zuciyata tana cewa kada ka tafi, ina da hawan jini, ƙannenka ƙanana ne. Bakina ya ce, “Allah ya tsare.” Kalma uku. Ko ɗaga kai ban yi na dube shi ba. Na sha tuna wannan ranar, ina tambayar kaina me ya hana ni ko dafa kansa.

Ya yi wajen wata shida a Dafo na Zariya yana kurtu, ya dawo baƙi wuluk, wuya duk ya fito. Daga nan aka tura shi Legas kwas na sashen lafiya na soja. A 2017 aka ce Borno, ƙarƙashin rundunar da ake kira Lafiya Dole a lokacin.

Abin da mutane suka riƙa gaya mini shi ne, “Ke ai kin huta, naki likita ne, yana asibiti.” Ni ma na so in yarda. Sai da ya zo fas na farko, wato ɗan hutun da ake ba soja, na ji gaskiya, ita ma ba ni ya gaya wa ba, ƙannensa yake nuna wa jakarsa ina sauraro ta taga. Asibitin yana Maiduguri, a barikin Maimalari. Shi yana cikin motar da ke bin ayari a daji. Idan aka taka nakiya ko aka yi kwanton ɓauna, kowa na neman inda zai fake, shi kuma a lokacin ake ƙwala masa kira, “Dokta! Dokta!” alhali ba dokta ba ne, las kofur ne. Ya fito da wani baƙin maɗauri mai ɗan sanda a jiki, suna ce masa tonike. Ya ɗaura a cinyar ƙaninsa ya murɗa har yaron ya yi ƙara, ya ce haka ake yi sai jini ya tsaya cak, sannan a rubuta lokacin da aka ɗaura, domin likitan da zai karɓi mutumin ya san tsawon lokacin da ƙafar ta yi ba jini. Akwai almakashi mai lanƙwasa na yanka kaki, da bandeji, da ledar ƙarin ruwa, da allurar kashe zafi. Ya ce a dokar yaƙi ta duniya ba a taɓa mai jinya, amma waɗanda suke yaƙa ba su san wannan dokar ba.

Tun daga ranar barcina ya zama rabi da rabi.

Inda suke babu sabis, an daɗe da lalata turakun waya a yawancin garuruwan. Sai ya shigo gari rakiyar marasa lafiya, ko ya hau wani tudu da aka san ana ɗan samu, sannan ya kira. Kuma mahaifinsa yake kira. In ji ana gaisawa a zaure, in yi kamar ina tankaɗe, kunnena yana can. In an miƙo mini wayar, in ce, “Lafiya kuke? To madalla. A dage da addu'a.” Shi ke nan, in miƙa. Da dare in juya fuskata bango in yi kukana ba sauti, kada maigida ya ji. Mahaifinsa ma nasa yake ɓoyewa. Rediyonsa kullum a kunne, BBC ta safe da ta takwas da rabi na dare ba sa wuce shi, kuma da an ambaci Borno sai ya rage murya don kada in ji. Mu biyu a gida ɗaya, kowa yana dakon kaya iri ɗaya, babu mai cewa ɗan'uwansa sannu.

A watan Nuwamban 2018 aka kai hari sansanin soja na Metele, sojoji da yawa suka rasu. Ban san ko yana can ba, don bai taɓa gaya mana sunan inda yake ba, cewa kawai yake yi, “muna wajen tafki.” Wayarsa a kashe. Kwana ɗaya, uku, mako guda. Wata maƙwabciya ta shigo da wayarta tana cewa in duba bidiyon da ke yawo ko zan gane shi a ciki. Ba da mugunta ta yi ba, na sani. Na karɓa na kalla. Ina bin gawarwakin 'ya'yan mutane ɗaya bayan ɗaya ina duba tsayi da faɗin kafaɗa. Har yau idan na rufe ido ina ganin wani takalmi da ke cikin bidiyon nan.

A kwana na goma sha ɗaya wata baƙuwar lamba ta kira ni. Namiji ne, da Hausa mai kyau, ya ce shi abokin aikin ɗana ne, an harbe shi a ciki, ana neman kuɗin jini da gaggawa, kada in gaya wa kowa don hukuma ba ta so a sani. Ban tambaye shi komai ba. Ko sunan yaron ban ce ya faɗa mini ba, ni da ba na iya furta shi. Na kwance tunkiyata mai ciki na ba wani yaro ya kai tike, wato kasuwar dabbobi, na haɗa da kuɗin adashena na tura. Daga nan lambar ta mutu. Na rasa wanda zan gaya wa. A daren jinina ya hau, na faɗi a banɗaki, sai farkawa na yi na gan ni a gadon asibiti, gefen bakina ya ɗan karkace.

A kwana na goma sha tara ya kira. Lafiyarsa ƙalau, ba ya Metele, amma kwanakin nan duk yana cikin karɓar waɗanda aka kwaso. Mahaifinsa ya sa mini wayar a kunne ina kwance. Ya ce, “Inna, an ce ba ki da lafiya.” Na ce, “Zazzaɓi ne, ya sauka.”

Bayan na warware na haɗa masa saƙo: dambun nama, yajin daddawa, garin kunun tsamiya da ƙuli-ƙuli. Na kai tashar mota da kaina don in ba direban Maiduguri, wani abokinsa zai karɓa. Ina zaune a benci ina jiran a gama lodi, sai wata mata ta zauna kusa da ni da irin jakata, har ɗaurin bakin iri ɗaya. Ta dubi jakar, ta dubi yadda na damƙe waya a hannu, ta ce, “Mama, naki ma yana can ne?” Na gyaɗa kai. Ta ce nata mace ce, nas ce a soja. 'Yar Billiri ce, Kirista, tana zaune a Tumfure. Ta ce, “Kwana nawa rabon ki ji muryarsa?” Tunda ya tafi babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Kowa cewa yake, “Ya labarin soja?” in ce lafiya lau. Na buɗe baki zan ba ta amsa sai kuka ya ƙwace mini, a tsakiyar tasha, 'yan kamasho suna kallo. Ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta riƙe hannuna har na gama, sannan ta ce, “Ni ma a banɗakin coci nake yin nawa.”

Daga mu biyu abin ya fara. Ta san wata a Pantami, ni kuma na tuna wata a Herwagana da aka ce ɗanta yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya ta soja. Muka fara haɗuwa ran Alhamis bayan la'asar, yau gidan wannan, wani makon gidan waccan. Ba mu da suna, ba mu da rajista, ba mu da shugaba. Yanzu mun kai goma sha huɗu. Ba duka ne iyayen ma'aikatan lafiya ba, amma mu ne muka fi yawa, don ɗaya tana jawo ɗaya.

Matan sojoji suna da ƙungiyoyinsu a bariki, suna da maƙwabta masu irin damuwarsu, labari yana fara isa gare su. Hakan daidai ne. Amma uwa tana can cikin gari, tsakanin mutanen da ba su san bambancin bataliya da birged ba. Kuma da yaro ya yi aure yakan mayar da sunan matarsa a takardar magaji, ita za a fara nema idan wani abu ya faru. Shi ya sa abu na farko da muke gaya wa sabuwar zuwa shi ne ta riƙe surukarta da kyau. Ni da tawa yanzu duk wanda ya fara jin muryarsa sai ya kira ɗaya, ko ƙarfe biyun dare ne.

Wahala ce ta koya mana sauran dokokin. Ba a turo bidiyon gawa ko na hari, ko da wa ya aiko. Ba a tambayar yaro sunan garin da yake a waya, kuma wadda ta sani ba ta faɗa a gidan biki. Ba a sa hotonsa da kaki a Facebook. Idan baƙuwar lamba ta kira da maganar kuɗi, ba a tura ko sisi sai an gaya wa mutum biyu a cikinmu, kuma sai mai kiran ya faɗi sunan da kakar yaron take kiransa da shi. Ranar da na ba su labarin tunkiyata, mata uku suka sunkuyar da kai. Ashe duk an yi musu, kowacce ta haɗiye saboda kunya. Sannan duk yaron da ya samu sabis, uwarsa takan tambaye shi ko ya ga ɗan wance. Sau da yawa “na gan shi shekaranjiya yana cin abinci” ta sauke wa wata uwa jinin da ƙwaya ta kasa saukewa. Ma'aikatan lafiya sun fi kowa sanin wannan, don kowa ta hannunsu yake bi.

Muna zuba ɗan abin da ya samu duk mako, ba na kwasa ba, na ajiya. Amfaninsa ya fito lokacin da ɗan ta Herwagana ya taka nakiya da motarsa. Mu biyu muka raka ta Maiduguri. Hanyar Biu da Damboa ita ce ta kusa, amma direbobi sun daɗe da barinta, sai muka zaga ta Potiskum da Damaturu, muna ta addu'ar mu isa kafin a rufe ƙofar shiga Maiduguri da yamma. Daga baya aka mayar da shi asibitin sojoji na 44 a Kaduna, can ma muka bi ta. Ya rasa ƙafa ɗaya daga gwiwa. Yana raye, har ya yi 'ya'ya biyu bayan nan. Ya ce mana wani yaro ne ɗan Inugu ya ɗaura masa tonike, wuta tana ci a motar. Uwar ta ce duk sallar da za ta yi sai ta sa yaron nan da uwarsa a addu'a, ko da ba ta san su ba.

Akwai abin da ba mu shirya masa ba, wato yadda suke dawowa. Da nawa ya zo hutun babbar sallah, aka kawo rago za a yanka, mahaifinsa ya ce ya riƙe ƙafafu. Wuƙa tana sauka ya saki, ya shige banɗaki. Na ji ruwa yana zuba ya fi minti ashirin. Da ya fito hannuwansa sun yi fari saboda cuɗa. Da dare yara suka fasa nokawut a layi, sai ga shi kwance a ƙasa ya danne ƙanwarsa da jikinsa. Dangi suka ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Da na kai maganar zaman Alhamis, ta Tumfure ta ce tata 'yar ma haka take, ba ta iya cin nama mai ja a ciki, kuma likitocin ƙwaƙwalwa sun san ciwon, firgici ne da ke bin wanda ya ga tashin hankali. Ta ce na masu jinya yana da nasa nauyin daban, don su ba abin da aka yi musu kawai suke tunawa ba, har da waɗanda suka mutu a hannunsu, suna ta lissafin da na yi kaza da bai tafi ba.

A daren na yi abin da ban taɓa yi ba. Na same shi zaune a bakin rijiyar nan, na jawo kujera 'yar tsugune na zauna kusa da shi. Ya zabura zai tashi don girmamawa, na ce ya zauna. Na kira sunansa. Ya juyo yana dubana kamar bai san ni ba. Na ce, “Su nawa ne?” Bai tambaye ni su wa ba. Ya ce, “Goma sha ɗaya, Inna. Na san sunan kowa.” Ya fara lissafa su, da garinsu, da inda raunin yake. Akwai wanda ya riƙe masa riga yana kiran mamarsa da yarensu. Na bar shi ya kai ƙarshe. Na ce, “Waɗanda suka rayu fa, su nawa?” Ya yi shiru, ya ce bai taɓa ƙirgawa ba. Na ɗora hannuna a kansa, abin da ya kamata in yi tun ranar da ya durƙusa a ƙofata. Mun yi masa addu'a da rubutu, kuma da ya koma ya ga likitan ƙwaƙwalwa a asibitin soja. Bai warke sarai ba, amma yana barci.

A 2021, shekarar da aka sauya wa rundunar suna zuwa Haɗin Kai, muka yi rashi na farko a cikinmu. Ɗan ta Pantami ne, shi ba ma'aikacin lafiya ba ne, mai riƙe bindiga ne a saman mota. A can aka binne shi, ba ta ga gawa ba. Mun kwana bakwai a gidanta muna karɓa-karɓa, ta Tumfure ita ce a bakin murhu tana dama kunun sadaka. Bayan arba'in nawa ya zo fas, ta ce in kawo mata shi. Ba ya wurin da abin ya faru, ta sani. Ya durƙusa ya yi mata gaisuwa, ta ce, “Ɗana, kai ka ga irinsu da yawa. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, suna jin zafi sosai?” Gabana ya faɗi, na ɗauka zai ce a'a don ya kwantar mata da hankali. Ya ce, “Goggo, wasu suna ji, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma idan jini ya zuba da yawa, zafin yakan ja baya, mutum ya ji sanyi da ƙishi, sai kamar barci. Kuma ba ma barin mutum shi kaɗai. Ko babu abin da ya rage a jaka, akwai mai riƙe masa hannu yana laƙƙana masa kalmar shahada.” Ta daɗe tana kallon tabarma. Ta ce, “To, Alhamdu lillahi. Abin da ya hana ni barci ke nan.” Har yau ba ta fasa zuwa zaman Alhamis ba. Ita ce ma take riƙe mana littafin ajiya.

Iyaye maza sun fi mu taurin kai. Da farko maigidana rako ni kawai yake yi a babur, ya tsaya a waje. Sai ya tarar da mijin ta Herwagana shi ma yana jira a dakali. Yanzu su biyar ne, suna shan shayi suna cewa hirar siyasa suke yi. Ranar nan ina wucewa na ji nawa yana cewa, “Ni fa tun 2017 ban yi barcin awa huɗu a jere ba.” Shekara talatin da biyar muna tare, ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba.

Ɗana yanzu saje ne. Ya ɗan zauna a asibiti a Kaduna, muka sarara, sai kuma aka tura su wajen Zamfara. Ina shan maganin hawan jinina safe da dare, shi yake tuna mini idan ya kira, kuma yanzu lambata yake fara kira kafin ta mahaifinsa. Makon jiya wata sabuwa ta zo mana daga Kumbiya-kumbiya, 'yarta ta gama Dafo, an ba ta sashen lafiya. Ta zauna can bakin tabarma da mayafinta a rufe, duk abin da aka tambaye ta sai ta ce lafiya lau. 'Yar fari ce ita ma. Na ce ran Asabar ta zo mu soya dambu tare, ita ta haɗa wa tata, ni in haɗa wa nawa. Yau kwana tara rabon da in ji muryarsa. Naman yana nan na saya, wayata kuma tana caji.